Na Sayar Da Tuba

Kafin wani ya yi salati ya ajiye mujallar, bari in yi hanzarin fayyacewa: ba tuban da ake yi wa Ubangiji na sayar ba. Wancan ko kaina bai isa ba, balle in sami rarar kaiwa kasuwa. Tubar da nake nufi wata ƙatuwar abar busa ce ta Turawa, ta tagulla, a nannaɗe kamar hanjin sa, bakinta kamar mazurarin masu man gyaɗa, sai dai shi wannan mazurarin yaron goye zai iya zura kansa ciki har kafaɗa. Idan ka taɓa tsayawa kallon faretin 'yan sanda ko na soja a Dandalin Murtala a nan Kaduna, to cikin 'yan badujala ita ce ake bai wa na sahun baya, wanda ba ka ganin komai nasa sai hula da ƙafafu. Shi ke yin "bum, bum" ɗin nan da masu maci ke takawa a kai ba tare da sun san shi suke bi ba.

Shekara takwas ta yi a gidana, kuma ban iya busa ta ba. Wannan jimlar da na rubuta yanzu cikin sauƙi, sai da na shafe shekara takwas ɗin cur kafin ta fito daga bakina.

Ciwona ke nan: ba na iya cewa "ban sani ba". Harshena ba ya ɗaukar kalmomin, kamar yadda Bature ke fama da "ƙ" da "ɗ". In baƙo ya tsayar da mota ya tambaye ni wata unguwa da ban taɓa jin sunanta ba, kafin ƙwaƙwalwata ta gama mamaki hannuna ya riga ya miƙe yana nuna gabas. Allah kaɗai ya san bayinsa nawa na tura hanyar Kachia alhali Rigasa suke nema. Na taɓa yi wa bakanike bayanin ciwon motata har ya ajiye sifana ya riƙe haɓa, ya bar ni na gama, sannan ya ce mai ne ya ƙare. A majalisarmu ta bayan la'asar ni ne likita, ni ne lauya, ni ne mai fashin baƙi kan farashin dala. Kuma ba wai ban san abin da malamai suka ruwaito game da Imam Malik ba, cewa an yi masa tambayoyi 48 ya ce bai sani ba a 32 daga ciki. Na san labarin sarai. Ni ne ma nake ba da shi a majalisar, da murya irin ta wanda aka yi abin a gabansa.

A 2016 ne uwargida ta ƙirgo mini kuɗin adashinta, naira 45,000, ta ce in samo mata ɗan ƙaramin firji na hannu. Na tafi wani shagon masu kayan kwantena, irin waɗanda ake jibge dutsen guga da keken yara da tsofaffin talabijin daga Turai. Ina cikin buɗe ƙofofin firji sai yaron shagon ya jawo wani abu daga bayan katifu, ya ce, "Alhaji, don Allah ko ka san mene ne wannan? Cikin kaya muka tsince shi. Wani ya ce odar jirgin ruwa ce, wani ya ce na dafa giya ne."

Akwai mutum huɗu a tsaye. Da ni kaɗai ne da yaron, wataƙila da na tsira.

Na ce, "Wannan ai tuba ce."

Babban abin takaicin shi ne gaskiya na faɗa. Na taɓa ganin hotonta a wani ƙamus na yara. Ita wannan gaskiya guda ɗaya ita ta jawo mini duk abin da ya biyo baya, domin nan take aka matsa aka ba ni wuri, wani ya ce, "Ka ji manya." Yaron ya ce, "Ashe Alhaji ya iya busawa?" Na ji bakina, da kansa, ba da izinina ba, ya ce, "Da dai, lokacin muna makaranta." Makarantarmu ko usur ɗin kirki ba mu da shi, da tsohon gatarin mota ake kaɗa mana tashi. Mai shagon, wanda tun ɗazu yake kallona irin kallon da kifi ke yi wa mai jar koma amma a juye, ya taso ya ce kaya irin wannan haramun ne ya faɗa hannun wanda bai san darajarsa ba. Ya ce don ni ne, in kawo 45,000. Har yau ina zargin ya hango kaurin kuɗin a aljihuna ya ƙirga.

A Keke Napep muka iso gida, ni a gefe, ita ta cinye sauran kujerar. Uwargida ta fito tana gyara ɗaurin zane, ta dube ni, ta dube ta, ta leƙa bayan keken. Ta ce, "Abban Zainab, ina ake sa ruwan?"

Daren nan bayan isha na gwada ta, sau ɗaya tak. Abin da ya fito ba zan iya kiransa sauti ba. Maƙwabcina ya aiko ɗansa ya tambaya ko saniya muka saya, kuma ko lafiyarta ƙalau. Na aika masa da cewa haka take yi in ta daɗe ba a taɓa ta ba, sai ta yi ɗumi. Washegari na ɗora ta kan wadirof don ta yi ɗumin. Uwargida ta raɗa mata suna Amarya, tunda a cewarta da kuɗinta aka biya sadaki, kuma tun da ta tare ba ta taɓa ɗora tukunya ba.

Kada ka ɗauka shekarun nan takwas a banza na yi su. Na yi karatu. Duk baƙon da ya yi kuskuren ɗaga kai ya tambaya, sai na zaunar da shi. A birnin Balin na ƙasar Jamus aka yi mata rajista, ran 12 ga Satumba 1835, da sunan mutum biyu: Wilhelm Wieprecht, shugaban badujalar sojan Furushiya, da Johann Gottfried Moritz, maƙerin kayan busa. Sunan nata daga Latin ne, tsohon sunan wani miƙaƙƙen ƙaho da sojan Rum ke busawa. Ba ta da ɗan hakin nan da ke bakin algaita. Leɓen mai busa ne ke karkarwa cikin wani ɗan kofi, daidai yadda ake yi wa kakaki, bututun kuma ya ɗauki karkarwar ya girmama ta. Ashe ke nan 'yar'uwar kakaki ce, sai dai shi ya miƙe yana gaban sarki, ita ta naɗe tana bayan kurtu. Ina gaya musu akwai ƙanwarta da ake ratayawa a wuya kamar mesa, wadda aka ƙera a Amurka saboda John Philip Sousa, har ta ci sunansa. In na ga baƙon bai fara hamma ba sai in ƙara masa da cewa a 1954 wani mawallafin kiɗa na Ingila, Vaughan Williams, ya rubuta mata dogon kiɗa nata na kanta, aka fito da ita gaban dandali bayan ta shekara fiye da ɗari a sahun baya.

Duk wannan babu ƙarya ko ta ƙwayar gero. Nan ne ma gwanintar tawa take. Ni ba maƙaryacin kan titi ba ne da ke ƙaga labari. Ina ɗebo gaskiya ne tuli-tuli in kewaye ramin da ita, yadda mai tafiya ba zai lura akwai rami ba. In baƙo ya ce, "To Alhaji ɗan busa mana," sai in dubi agogo in ce akwai jariri a maƙwabta. Jaririn nan yanzu yana aji uku.

Bana aka sa ranar Zainab. Duk uban da ya taɓa haɗa kayan ɗaki ya san yadda ido ke komawa: komai na gidan sai ka riƙa ganinsa da farashi a goshi. Uwargida ta zauna da biro da takarda tana rubuta abin da za a rabu da shi, ta sa Amarya a lamba ta ɗaya, ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Na kira wani dillali da ke sayar mana da tsofaffin kaya. Ya zagaya ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa kamar mai zaɓen kankana, ya ce, "Alhaji, in mota ce na san abin faɗa. Hajiya ce ke hawa, daga gida sai asibiti, inji kamar agogo, ba a taɓa kwance ta ba. In firji ne in ce yana ƙanƙara cikin awa guda. Wannan fa, in an tambaye ni yaya take yi, me zan ce?"

Ka ga ƙofa a buɗe. Abin da kawai ya rage in ce, "Wallahi ni ma ban sani ba, a nemo mai busawa ya gwada." Sai na ce masa ya bar mini wannan, zan rubuto masa.

Dare uku na yi a kan waya ina karanta yadda masu sayar da irinta a ƙasashen waje ke kwatanta tasu. Ashe su ma suna da nasu "Hajiya ce ke hawa". Sauti a wurinsu yana da launi, yana da nauyi, har faɗi yana da shi: wannan muryarta mai duhu ce, waccan mai haske, wata tana cika ɗaki, wata tana huda taro. Suna maganar ko iska na wucewa a sake ko tana turjewa, da ko kowace murya na faɗawa gurbinta ko sai an lallaɓa ta. Na tsince kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya kamar kaza a masussuka, na dubi Amarya a kan wadirof, na raba mata su. Ga abin da na aika wa dillalin, shi kuma ya watsa a WhatsApp:

"Tuba ta sayarwa. Ƙirar Landan, Bi-filat, ruwan azurfa. Murya mai duhu da kauri, ƙasanta kamar tsawar farkon damina, samanta garau. Iska na wucewa a sake, ba ta wahalar da ƙirji. Bawul uku, duk suna tashi kamar sababbi. Tana daidaita da kowace badujala. Hannu ɗaya, an kula da ita sosai. Mai ita zai rabu da ita ne kawai don rashin lokaci. Naira 400,000."

Na karanta na sake karantawa, har na ji ƙwalla na neman zuwa don tausayin rabuwa da irin wannan kaya. "Landan" kaɗai na tabbatar, don shi ne abin da ya rage a rubuce jikin bakinta. Sunan kamfanin duk ya goge. "Bi-filat" kuwa na zaɓa ne saboda na karanta cewa ita ce babba, ni kuma tawa babba ce a idona.

Kwana biyun farko ba mai saye, sai masu tsokana. Wani ya rubuto yana tambayar nawa ne ta mai ƙaramin zunubi. Wani ya ce a ajiye masa sai ya dawo daga siyasa. Wani bawan Allah kuma, da gaske yake, ya aiko da doguwar nasiha cewa wannan ƙofa a buɗe take kyauta har rana ta fito daga yamma.

Na farkon da ya zo da kuɗi a hannu ɗan gwangwan ne. Bai tambayi murya ba, bai tambayi Landan ba. Ya manna mata maganaɗisu ya ga bai kama ba, ya ɗan kankare wani lungu da wuƙa ya ga rawaya a ƙarƙashin azurfar, ya rataye ta a sikeli: kilo 7 da 'yan kai. Ya yi lissafi a tafin hannu ya faɗi kuɗin da ba zai sayi ko labulen ɗakin Zainab ba. Raina ya ɓaci, na shiga karanto masa Wieprecht da Moritz. Ya saurara cikin ladabi har na kai aya, sannan ya ce, "Alhaji, Balin ɗin ba ta hawa sikeli." Da na yi tunani daga baya, cikin duk waɗanda suka yi magana a kan tubar nan zuwa ranar, har da ni, shi kaɗai ne ya faɗi iyakar abin da ya auna.

Wani mai ɗakin taron biki ya so ya saya ya cusa mata furannin roba a ƙofar shiga. Na hana, na ce wulaƙanci ne ga kayan kiɗa. Ni da na mayar da ita matattarar ƙura.

Ranar wata Asabar da hantsi dillalin ya zo da wani dattijo, siriri, wando da guga kamar wuƙa, takalmi na sheƙi, tare da jikansa ɗan shekara kamar sha biyar. Tsohon ɗan badujalar 'yan sanda ne, ya yi ritaya yana saje, yanzu yana koya wa yaran Birged na cocinsu busa. Kowa Baba Saje yake ce masa. Bayan mun gaisa an kawo ruwa, na shiga na sauko da Amarya, na fito da ita ina murmushin masu abu.

Bai ce komai ba. Ya karɓe ta ya kwantar a cinya yadda ungozoma ke karɓar jariri. Ya bi siririn bututun da ke zuwa baki da ɗan yatsa, yana duba wasu ɗige-ɗige ja. Ya ce wa jikan, ba ni ba, wannan ciwon tsufan tagulla ne: tagulla haɗin jan ƙarfe ce da tutiya, in damshin numfashi ya daɗe a ciki sai tutiyar ta zagwanye ta bar jan ƙarfen kamar soso, wata rana ya huje. Nata bai yi nisa ba. Ya danna bawul na farko, ya tashi. Ya danna na biyu, ya tafi bai dawo ba. Muka zuba masa ido mu huɗu, kamar masu jiran wanda ya shiga rijiya. Sai da ya kwance murfin ya turo shi daga ƙasa.

"Kamar sababbi," in ji jikan, yana karantawa daga waya. Kakan ya harare shi ya yi shiru.

Daga nan ya zaro wani lanƙwasasshen bututu na jikin bawul na farko, ya yi "fop" kamar an cire toshiyar kwalba. Ya gyaɗa kai. Alama ce bawul ɗin na riƙe iska. Na uku da ya zaro, shiru, ko tari bai yi ba. Ya ce wannan yana yoyo, amma da mai mai ɗan kauri za a lallaɓa. Sannan ya ɗago ya dube ni karo na farko.

"Malam, Bi-filat ka ce?"

Na ce, "Haka take."

Ya ce, "I-filat ce. Mu bas muke ce musu duka. Bi-filat in ka warware ta za ta kai ƙafa 18, wannan ba ta wuce 13 ba. Da Bi-filat ce, da ba ka fito da ita da hannu ɗaya ba."

Na ce ai dama akwai saɓani tsakanin masana kan wannan. Wallahi haka na ce.

Ya goge ɗan kofin bakin da hankici, ya miƙo mini ita. "To busa mana in ji yadda take a hannun mai ita."

Na ce haƙori na damuna. Ya ce ba da haƙori ake yi ba. Na ce akwai jariri a maƙwabta. Dillalin, Allah ya saka masa, ya ce ai sun tafi ƙauye. Na duba ƙofar ɗaki na ga labule na motsi, na san uwargida ta samu wurin zama. Na rungumi Amarya, na cika ƙirji, na kumbura kumatu kamar mai algaita, na tura.

Da farko ba abin da ya fito, sai jijiyoyin wuyana. Can sai wani dogon gurnani mai rawa, irin na raƙumin da ake ɗora wa kaya ba da son ransa ba, ya ƙare da wata 'yar ƙara da ba a yin irinta gaban surukai. Ƙura ta tashi daga bakin tubar ta sauka kan takalmin Baba Saje.

Ya dubi takalmin. Ya ce, "Akwai abu a cikinta."

Muka fita tsakar gida. Ya kife ta, ya juya ta sannu a hankali yadda naɗin ya bi, yana bubbuga gindin da tafin hannu. Abin da ya fara faɗowa gidan zanzaro ne, guda biyu. Sai safar yaro ƙafa ɗaya. Sai murfin biro, da ƙwallon goruba da aka gwaigwaye, da busasshiyar tsaka. Na ƙarshe, da ƙara a kan siminti, makullin babur ɗina da ya ɓata a 2019, wanda na tara gidan nan kaf na yi musu bayani, da hujjoji, cewa a masallacin Juma'a aka zare mini shi, har na kwatanta kamannin ɓarawon.

"Iska na wucewa a sake," in ji jikan a hankali. Wannan karon kakan bai harare shi ba.

Aka kawo tiyo aka ɗura mata ruwa har ya fito fari. Ya shanya ta, ya ɗiga wa bawul mai daga wata 'yar kwalba da ya zo da ita a aljihu, ya ciro nasa kofin bakin daga wani tsumma. Ya zauna bakin kujera, baya a miƙe. Bai kumbura kumatu ba. Ya ja numfashi kamar mai hamma, ya sake shi kamar mai huci a kan madubi.

Yanzu zan gaya maka yadda take yi, tunda a ƙarshe na ji.

Ba a kunne na fara jin ta ba, a ƙashin ƙirji ne. Gilasan tagar falo suka ɗauki zuza. Ruwan da ke cikin baho a tsakar gida ya yi 'yan ƙananan zobba. Murya ce mai taushi, ba hayaniya, kamar babban mutum yana magana ƙasa-ƙasa a zaure kowa ya yi tsit don kada wata kalma ta wuce shi. Ya bi wani taken coci mai tafiyar hawainiya, yana hawa yana sauka, kuma ko'ina ya taka sai ka ji wurin ya ɗauke shi. Yaran unguwa suka cika ƙofar gida ba mai motsi. Labulen ɗaki ya daina rawa. Uwargida ta fito gaba ɗaya da ludayi a hannu. Abin nan ya kwana a saman kaina dare kusan 3,000 da wannan murya a cikinsa, ni kuwa ina ƙasa ina ba da labarin Furushiya.

Da ya sauke, ya buɗe wani ɗan makulli ya zubar da ruwan da numfashi ya tara, ya ce tsakiyarta zuma ce, samanta sai an yi mata dabara, kuma in an danna na ɗaya da na uku tare tana ɗan haurawa sama, kamar yadda masu bawul uku suka saba. Nan na ga wurin shiga. Na ce ai shi ya sa a 1878 wani David Blaikley na kamfanin Boosey a Landan ya fito da tsarin ƙarin bututu da ke gyara wannan matsala. Ya ce, "To. Ni dai leɓe nake sassautawa."

Sai jikan ya kunna wata manhaja a waya mai allura kamar ta sikeli, ya ce Kaka ya ba shi murya ɗaya. Allurar ta tafi dama ta tsaya. Aka zaro babban bututun daidaitawa har ya kusa faɗowa, ta ɗan dawo, amma ta ƙi zuwa tsakiya. Baba Saje ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Tsohuwar Ingila ce!"

Ya yi mana bayani, ni kuma daga baya na je na karanta, ka san hali. Yau duniya ta daidaita a kan cewa wata murya da ake auna sauran da ita tana karkarwa sau 440 a daƙiƙa. Amma badujalolin tagulla na Ingila sun daɗe suna bin tsohon ma'auninsu mai kusan 452, sai a tsakiyar shekarun 1960 manyan maƙeran can suka daina ƙera irin waɗannan. Masu tsofaffi suka kai aka ƙara musu tsawon bututu. Tawa ba a kai ta ba. Ke nan ta girmi haka, kuma duk inda ta shiga cikin kayan zamani za ta riƙa tafiya sama da su da abin da bai kai rabin taki ba, ba ta yi daidai da wannan murya ba, ba ta kai ta gaba ba.

Ya shafa ta ya ce, "In ita kaɗai ce, babu kamarta. Amma cikin jama'a kullum tana ɗan sama da kowa, kuma ita a jin ta daidai take."

Uwargida ta ce, "Ta yi gadon gida," ta juya ta koma kicin.

Addinina ya hana mai sayarwa ɓoye aibin kayansa, kuma na sha ba da labarin hatsin nan da aka sa jiƙaƙƙen a ƙasa busasshen a sama. A zaune a wurin na yi ta neman mafita a raina: ai ni ban ɓoye aibinta ba, tunda ban san shi ba. Sai dai wani abu ya ce mini, to shi rashin sanin fa, wa ya sa shi a ƙasan buhu?

Baba Saje ya karɓi wayar jikan ya sake karanta tallan tun daga sama, yana motsa leɓe. Ya ce, "Malam, wa ya rubuta maka wannan?" Dillalin ya shiga kallon sama. Da na nuna shi, da ya ɗauka, don la'adarsa.

Na ce, "Baba, ni ne. Ban iya busa ta ba. Ban taɓa iyawa ba. Yadda take yi ma, sai yau na sani."

Kamar an cire mini turmin haƙori: zafi, sannan iska na shiga wurin da ba ta saba shiga ba. Na jira ya yi mamaki. Ya ce, "Ai tun da ka fito da ita na gani. A wuya ka riƙo ta, kamar kazar da za a yanka."

Ya taya 100,000, na ce albarka, muka yi ta ja har 130,000 na sallama. Ya ce tsawar farkon damina dai tana nan, wannan ban yi ƙarya ba, ko da yake sa'a na ci. Uwargida ta ƙirga kuɗin sau biyu, ta ware 45,000 ta ce na firjinta ne, bashi ba ya ruɓa. Sannan ta dube ni da wani irin sassauci da na daɗe ban gani ba, ta ce, "Abban Zainab, yau dai ka sayar da tuba ka kuma tuba."

Na raka su bakin titi ina jin kaina sakayau kamar wanda ya sauke faralin shekara takwas. Jikan ya shiga keke ya rungume ta. Baba Saje ya sa ƙafa ɗaya, sai ya juyo.

"Af, Malam. Bututun nan sai an ƙara masa kamar tsawon ɗan yatsa a kowace ƙafa, da tagulla mai kauri daidai da nasa, a like da dalma ba walda ba. Ko ka san wani maƙeri a Panteka da zai iya?"

Na ce, "Haba Baba, akwai wani mutumina. Aikinsa ke nan."

Uwargida tana bakin ƙofa, ta ji. Ba ta ce komai ba sai da na shigo, ta tambaye ni ko na san abin da ake kira tuban muzuru. Na ce na sani mana, har na fara yi mata bayanin asalin maganar.

Yau mako uku ke nan kullum in na tashi daga aiki sai na biya Panteka, rumfa-rumfa, tsakanin masu ƙera murhu da masu narka tukwane, ina nuna hoton bututu a waya ina neman mutumin nawa. Baba Saje ya kira sau huɗu. Jiya na ce masa ya yi tafiya, amma ana sa ran dawowarsa ranar Laraba.